Ingilar Yaya Haruna

Satina na farko a Guangzhou ban yi komai ba sai faɗa. Na yi da mai otal da ya ba ni ɗaki marar taga, na yi da ejan ɗin da aka haɗa ni da shi tun daga Kano, wanda ya riƙa yawo da ni a kasuwar Baima yana magana da masu shago da yarensu suna dariya, ni kuwa ina tsaye kamar an dasa ni. Sai daga baya na gane duk mayafin da na taya, da kasonsa a ciki. A tsakiyar kasuwa na sallame shi, da Hausa, da ƙarfi, har 'yan shago suka ajiye tsinkayen cin taliyarsu suna kallo. Ni Hajara dama an san ni a gidanmu, ba na haɗiye magana.

Shekarar da China za ta karɓi wasannin Olamfik ce, garin duk ya tsargu da baƙi. Bizar da a da ake ba 'yan kasuwa mai tsawo, ni guntuwa aka ba ni. 'Yan sanda suna tare baƙar fata a bakin titi suna neman fasfo, wanda takardunsa suka mutu kuwa sai dai a ji labarinsa. Fasfona a lalita na sa shi na ɗaure a ƙugu, ko banɗaki da shi nake shiga.

Amma ba mayafai kaɗai suka kai ni ba. Akwai saƙon Inna.

Yaya Haruna shi ne ɗan farin Innarmu. Inna kuwa Bafulatana ce ta gaske, irin waɗanda suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ana yaye shi aka kai shi wurin kakarmu, can ya girma. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Yayanku" take cewa, in ta matsu ta ce "wancan". In ya zo gaishe ta a bakin ƙofa yake durƙusawa, ta amsa tana kallon bango. Akwai wani maƙwabcinmu mai suna Haruna, shi ma albarkacin Yaya ya rasa sunansa, ya koma "mai kanti". Mu ƙanne abin dariya muka ɗauke shi, har tsokanarta muke yi. Shi Yaya ban taɓa ganin ya yi dariyar ba.

Shekara uku kafin tafiyata ya haɗa jarinsa ya tafi China. Bayan 'yan watanni ya bugo waya ya ce ya haye Ingila, yana wani gari a bakin teku, yana aiki a tashar jiragen ruwa. Ya aiko da hoto: ga shi cikin baƙar kwat, bayansa wani coci mai fentin ruwan ƙwai, gefe benci na ƙarfe da gidajen dutse irin na Turawa. Hoton ya zaga dangi kaf. Inna ta ƙi karɓa ta kalla a gabanmu, amma na san a ƙarƙashin matashinta yake kwana, don ni nake canza mata zanin gado tun da ɓarin jikinta ya shanye. Daga nan wayar Yaya ta fara ja baya, har ta ɗauke gaba ɗaya.

Da zan taho Inna ta sa aka daka yajin daddawa aka ɗura a gwangwanin madara. Bakinta a karkace yake, magana sai da ƙyar. Ta ce, "Tunda ta can ya bi, ba a rasa mai wucewa wajen yayanku." A wurin Inna duk ƙasar waje unguwa ɗaya ce, tsakanin China da Ingila kamar Fagge da Sabon Gari ne. Ban gyara mata ba. Likita ya riga ya ja mu gefe ya ce mu yi ta addu'a, na kuwa san abin da gwangwanin nan yake nufi. Tana son ganin ɗanta kafin ta tafi, kuma ko za a yanka ta ba za ta faɗa ba.

Ranar Juma'a na tafi Masallacin Huaisheng da gwangwanin a jaka da hoton da na sa aka wanko mini. Ana idar da salla bakin masallacin ya cika da Hausa, ta Kano, ta Nijar, ta 'yan Gana, har sai da na ji hawaye ya taso mini, don rabona da in ji an ce "sannu" tun a jirgi. Na riƙa bin mutane ina nuna hoton, ina tambayar ko akwai mai hanyar Ingila. Wasu suka ce ba su san shi ba. Wasu suka kalla suka yi murmushin da bai yi mini ba, suka wuce.

Wani dattijo mutumin Damagaram, Malam Isufu, wanda aka ce ya fi kowa daɗewa a garin, shi ne ya karɓa ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Hajiya, wa ya ce miki nan Ingila ce?"

Na ce, "Mai hoton, kuma yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

Ya ja ni gefen katanga, ya rage murya, ya fara da ɗan Faransancinsu na Nijar. "Bon, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Wannan cocin yana nan unguwar Liwan, a wani ɗan tsibiri bakin kogi, Shamiyan. Turawan Ingila da na Faransi suka gina wurin tun zamanin da. Yaranmu da yawa can suke zuwa su ɗauki hoto su aika gida. Mu a nan Ingila ma muke ce masa, don tsokana."

Na ce, "Malam, da furfurarka?"

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Gani ya kori ji, Hajiya. Ɗan'uwanki na san shi, yaron kirki. Wanda ya riƙe masa kaya ne ya gudu da su, takardunsa suka mutu a hannunsa. Tun da aka fara kame ya bar zuwa masallaci. An ce ana ganinsa wajen tashar kifi, bayan tsibirin. Ki miƙe kudu har ki ga ruwa, sannan ki sa ruwan a hagunki. Kuma ni ban faɗa miki komai ba."

Na tsaya tare tasi. Ta farko ta wuce. Ta biyu ta rage gudu, direban ya kalli baƙar fuskata da mayafina ya kaɗa hannu ya ce "meyo", wato babu, kalmar da na fara koya a garin don ita aka fi gaya mini. Da ta uku ta yi haka sai na ce ai ƙafa ma Allah ne ya ba ni. Abin da na manta shi ne takalmin da ke ƙafar tawa sabo ne, samfurin da na karɓo jiya don in gwada ingancinsa kafin in yi oda. Na kuwa gwada.

Zafinsu ba irin namu ba ne. Namu ƙona mutum yake, nasu dafa shi yake. Na bi tsofaffin tituna masu gidajen da benensu ya rufe hanyar ƙafa kamar rumfa, wanki yana ɗiga a kaina daga sama. Na ratsa wata kasuwar magunguna inda na ga busassun kunamu a buhu ana aunawa, na yi a'uziyya na ƙara sauri. Ko'ina ga tutocin Olamfik da hotunan 'yan tsana masu dariya. Duk inda na hango ɗan sanda sai hannuna ya kai ƙugu, alhali takarduna lafiya lau suke. A nan na fara tunanin wanda nasa suka mutu, yadda yake bin waɗannan titunan.

Na iso kogin, ruwa ne jaja-jaja mai faɗi, jiragen yashi suna jan jiki a kai. Na sa shi a hagu kamar yadda aka ce. Ban yi nisa ba na ga wata 'yar gadar dutse a kan wani siririn ruwa. Ina haye ta hayaniya ta ɗauke, kamar an rufe ƙofa a bayana.

Wallahi da a ce rufe mini ido aka yi aka kawo ni, ni ma sai in rantse Ingila ce. Titi shimfiɗe da dutse, ba ƙarar mota, manyan bishiyoyi masu jijiyoyi suna reto kamar gemu. Gidajen duk na dutse ne, masu ginshiƙai da dogayen tagogi da baranda ta ƙarfe, ga fitilun titi irin na da, ga furanni an yi musu aski. Mutum-mutumin tagulla a ko'ina, wani Bature da sanda, wata mata da yara a bayanta. Tsofaffin 'yan China suna motsa hannu a hankali a ƙarƙashin inuwa kamar masu iyo a iska. Ina tafiya ina addu'ar kada in ga cocin. Na ce a raina coci ai coci ne, Turawa duk gini ɗaya suke yi, dattijon nan tsufa ne ya ruɗe shi.

Sai ga shi na yi kwana na gan shi. Fentin ruwan ƙwai, ƙofa mai tsini, har tsagar da ke jikin matakala ta biyu tana nan yadda take a hoton. Ga bencin ƙarfen. Na zauna a kansa.

A gabana amare ne cikin fararen riguna ana ɗaukarsu hoto, masu hoton suna ta gyara musu wuya. Gefe guda wani mai hoto ya rataye riguna a jikin ƙarfe. Ina kallo wani saurayi mai silifas ya zo, aka zaro masa baƙar kwat ya saka, ya tsaya daidai inda Yaya ya tsaya, aka ɗauka daga ƙugu zuwa sama, ya cire ya mayar. Ashe har kwat ɗin ma ta haya ce.

Haushi ne ya fara zuwar mini. Na tuna yadda na riƙa cika baki a gidan biki, "yayana da ke Ingila". Sai kunya ta biyo. Daga ƙarshe tausayi ya zo, wanda ban gayyace shi ba, na yi kuka sosai a kan bencin nan, ban damu da masu kallo ba.

Wata tsohuwa 'yar China da ke zaune a ɗaya gefen ta matso. Ta nuna ƙafata, sai a lokacin na ga dunduniyata ta saluɓe, jini ya ɓata sabon takalmi. Ta buɗe jakarta ta ciro filasta, ta durƙusa da kanta ta manna mini, tana ta faɗa da yarenta, da gani takalmin take zagi. Na taya ta da Hausa. Ta zuba mini shayi marar sukari a murfin filas, na sha don kada in gwasale ta. Da ta ga hoton a cinyata sai ta ɗauka ta kai kusa da ido. Ta nuna yamma, ta yi alamar tura baro, sannan ta toshe hanci. Na ce mata "shiye-shiye", godiyarsu ke nan, na maimaita har sau nawa ban sani ba. Na tuɓe takalmin na take bayansa na mayar da shi silifas.

Ingilar ba ta da tsawo. Ina fita ta ɗaya gadar ƙarni ya tare ni tun kafin in ga komai. Tashar kifi ce da tashar jirgin fito a haɗe. Ƙasa duk ruwa, ga manyan robobi cike da kifi mai rai, ga ƙaguwa an ɗaure musu hannu da igiya, ga kunkuru, ga wasu dogaye masu kama da maciji da har yau ban san sunansu ba. Masu baro suna ihu a ba su hanya, babura suna ratsa mutane da akwatunan ƙanƙara a baya. Na tattare zanina na kutsa. Na bi layi-layi, na leƙa rumfa-rumfa, duk wanda na nuna wa hoto sai ya kaɗa hannu. Na fita bakin ruwa inda aka ɗaure ƙananan jirage da igiya, na dawo, na sake fita. Baƙar fata ko ɗaya ban gani ba.

Har na yanke ƙauna sai jirgin fito ya yi ƙugi ya matso. Aka sauke ƙarfen ƙofa, mutane suka ɓarko da kekunansu. A can baya wani ya fito yana tura baro cike da ƙanƙara, da takalmin roba har gwiwa, malafa a ka, tawul ya rufe rabin fuska. Ba fuskar na gane ba. Kafaɗarsa ta hagu na gane, da take ɗagawa in yana tafiya, irin ta Babanmu marigayi.

Na ce, "Yaya!"

Bai juyo ba. Na ɗaga murya na ce, "Yaya Haruna!"

Ya saki baron, na ga ya waiga hagu da dama irin na mai neman hanyar gudu. Sannan ya gan ni. Ya janye tawul ɗin a hankali. Ya rame har haƙoransa sun yi masa yawa.

Ya ce, "Hajara? Me ya kawo ki nan?"

Na ce, "Ingila na zo gani. Ashe ba nisa."

Ya ja ni bayan wasu akwatuna da aka jibge a bakin matakalar ruwa, inda ba a hango mu daga titi. A nan na sauke masa duk abin da na ɗauko tun daga bencin nan. Na ce masa maƙaryaci, na ce ya mai da mu abin dariya, na ce ko kare ya san hanyar gidansu. Da na gaji ya ce wani lawban, wato mai gida da yarensu, shi yake ba shi wurin kwana a sito a ƙetaren kogi, shi kuma yana yi masa dako. Ya ce a jirgin fito ba a tambayar fasfo, shi ya sa duniyarsa ta tsaya tsakanin gaɓa biyu.

Na ciro gwangwanin na miƙa masa. Ya buɗe, ya shinshina, ya yi maza ya rufe.

"Wa ya aiko?"

"Ka san wanda ya aiko."

"Me ta ce?"

"Ta ce a kai wa yayanku."

Ya yi wata dariya marar daɗi. Ya ce, "Yayanku."

Na gaya masa halin da Inna take ciki, da abin da likita ya ce, ban rage komai ba. Na ce ya tashi mu san yadda za a yi ya koma gida.

Ya ce, "Kin san abin da komawa take nufi? In kai kaina wurin 'yan sanda, su kulle ni, ban san ranar fita ba, sannan su jefa ni a jirgi da kayan jikina. In sauka Kano in ce wa mutane me? Ga ɗan Ingila ya dawo da takalmin roba? Kuma don wa, Hajara? Na kusa arba'in, matar nan ba ta taɓa kirana ba. Ke kin san daɗin uwa ta kira ki ki ce na'am. Ni ban san shi ba."

Na ce, "Hotonka a ƙarƙashin matashinta yake kwana."

Ya ce, "Matashi ba ya magana."

Nan raina ya sake ɓaci, amma ba da shi kaɗai ba. Na zaro waya na buga wa ƙanwarmu Ladidi, wadda na bar wa jinya. A wurinmu la'asar ta yi sanyi, a Kano hantsi ne. Na ce ta kara wa Inna a kunne, ni kuma na buɗe murya yadda zai ji.

Na ce, "Inna, na samo yayanmu. Ga shi."

Ya girgiza kai yana ja da baya, na cusa masa wayar a gaban baki. Dole ya ce, "Ina kwana, Inna."

Muka ji numfashinta. Can ta ce, "Lafiya." Shi ke nan, irin amsar da ya saba samu daga bakin ƙofa. Ya dube ni, kallon ai na gaya miki.

Ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba sai ran nan. Na ce, "Inna, ya ce ba zai dawo ba, don ba wanda ya kira shi. Ni na yi iyakar nawa. Kuɗin wayata ma ya kusa ƙarewa."

Jirgin fito ya yi ƙugi zai koma. Ina jin Ladidi tana cewa, "Inna? Inna, kina ji?" Na ɗauka layin ya yanke, har na kai yatsa zan kashe.

Sai muryar ta fito, a karkace, harafi yana jan harafi, kamar mai ɗaga kayan da suka fi ƙarfinta.

"Haruna."

Ladidi ta yi salati a can. Ni kaina ban san haka sunan yake a bakinta ba.

Ta sake cewa, "Haruna. Ka taho."

Yaya ya durƙusa a cikin ruwan kifin nan, gwiwa biyu, gwangwanin yaji a ƙirjinsa. Bakinsa ya yi ta motsi kafin abin ya fito. Ya ce, "Na'am." Ya ƙara cewa, "Na'am, Inna." Yana nan durƙushe har kuɗin ya ƙare.

Ran Litinin Malam Isufu ya raka shi ya kai kansa wurin 'yan sanda. Ni a ƙetaren titi na tsaya na ga shigarsa, da rigar da na saya masa da gwangwanin a leda. Ba a bar ni na sake ganinsa ba. Bizata ta zo ƙarshe na hau jirgi da mayafaina.

A gida na tarar da kowa yana gaban talabijin ana kallon Olamfik, wuta tana tashi sama a China, yara suna cewa Anti kin je nan? Ni kuwa in na kalla ɗakin da aka kulle Yaya kawai nake gani. Inna ba ta tambaye ni yadda aka yi na same shi ba, ni ma ban gaya mata inda Ingilar take ba. Ba ta sake faɗar sunan ba. Sai dai duk wanda ya yi sallama a zaure, idonta yana kan ƙofa har ya shigo. Kullum in ce mata yana hanya, ta lumshe ido.

Cikin azumi ta rasu. Shi kuma sai bayan ƙaramar Salla aka sako shi.

Ranar da ya iso gidan cike yake da 'yan'uwa, kuma Allah ya rufa asiri ba wanda ya tambaye shi labarin Ingila. Ya ratsa tsakar gida bai tsaya ba, har bakin ƙofar ɗakin Inna. Ya cire takalmi ya durƙusa a daidai inda ya saba. An riga an naɗe katifar, gadon ƙarfe ne kawai a ciki.

Na ce, "Yaya, shiga mana."

Bai shiga ba. Ya dubi gadon ya ce, "Na'am, Inna. Na taho."